Yafiya da Haƙƙin Wani: Lacca Kan Sassaucin Hukunci a Nijeriya

 

Duk inda aka aikata laifi, mutum uku ne abin ya shafa: wanda ya aikata, da hukumar da ke gurfanar da shi, da wanda aka cuta. Tsarin shari'armu ya tanadar wa na farko akwatin tsayuwa da lauya mai kare shi, da damar roƙon sassauci, da damar ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli. Ya tanadar wa hukuma mai gabatar da ƙara. Na ukun kuwa, wanda jininsa ko dukiyarsa ko mutuncinsa ne asalin zaman, ana kiransa ne kawai ya ba da shaida, a yi masa tambayoyi, a ce ya sauka. Daga nan ya zama ɗan kallo a kan al'amarin da ya rusa masa rayuwa. Abin da nake so in kafa hujja a kansa yau shi ne, sassaucin da ake yi wa masu laifi a ƙasar nan, ta hanyar tara maras nauyi ko yarjejeniyar amsa laifi ko afuwar masu mulki, yawancinsa daga haƙƙin wannan mutum na uku ake yankowa, ba tare da an tambaye shi ba. Mai yin haka yana ganin kansa mai jinƙai, alhali ya ɗebo hatsi ne daga rumbun maƙwabcinsa ya fita sadaka da shi.

Mu fara da shari'ar da duk mai bin labarai ya sani. A watan Janairun 2013, a Babbar Kotun Birnin Tarayya Abuja, John Yakubu Yusuf, babban jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda, ya amsa laifuka uku da suka shafi karkatar da kuɗin fansho sama da naira biliyan 20. Mai shari'a Abubakar Talba ya yanke masa shekara biyu a kan kowane laifi, ko kuma tarar naira 250,000 a kan kowanne. Jimilla naira 750,000. Ya biya. Gaskiya ne an ƙwace masa gidaje 32 da tsabar kuɗi naira miliyan 325, kuma adalci ne a faɗi hakan. Amma ku auna tarar da abin da ya salwanta: kusan naira ɗaya ce a kan kowace naira dubu talatin. Jama'a suka yi ca, Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa ta dakatar da alƙalin na shekara guda, hukumar EFCC ta ɗaukaka ƙara. A 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida da biyan naira biliyan 22.9. Ba a kama mutumin aka kai shi gidan yarin Kuje ba sai 2020, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hukuncin a 2022. Shekara tara ke nan kafin a gyara abin da aka ɓata a zama ɗaya.

Ku tsaya ku dubi wanda aka cuta a wannan shari'a, domin sunansa bai fito a jarida ba. Tsohon kofur ne ko saje da ya yi shekara talatin da biyar yana tsayuwa a rana a bakin titi, yau gwiwa ta ƙi, ido ya dushe. Yana riƙe da takardunsa a cikin leda, takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma da ta ajiye aiki, duk sun yi laushi saboda yawan buɗewa da naɗewa. Ya ranto kuɗin mota ya zo tantancewa, ya wuni a layi, an ce ya dawo. Ko kuma matar mamaci ce da marayu, wadda ba ta ma san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Irin waɗannan ne masu kuɗin. Ba wanda ya kira ko mutum ɗaya daga cikinsu kotu ya tambaye shi abin da rashin fansho ya jawo masa, ko 'ya'ya nawa suka bar makaranta, ko maganin hawan jini na wata nawa ya gagara saye. An dai saurari roƙon lauyan mai laifi, aka tausaya. A cikin shekara taran da aka ɗauka ana gyara, Allah kaɗai ya san adadin waɗanda suka koma gare Shi suna jira.

Kuma ba a kansa aka fara ba. A 2005 an yanke wa tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, Tafa Balogun, wata shida. A 2008, a Babbar Kotun Tarayya da ke Enugu, tuhume-tuhume sama da ɗari da ake yi wa tsohon gwamnan Edo, Lucky Igbinedion, suka koma guda ɗaya, aka ci shi tarar naira miliyan 3.5 tare da mayar da wasu kuɗi da kadarori, ya tafi gida. A 2010 Cecilia Ibru ta bankin Oceanic ta samu wata shida. Tsohon gwamnan Bayelsa, Diepreye Alamieyeseigha, wanda ya amsa laifi a 2007, Shugaba Jonathan ya yi masa afuwa a 2013. Tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba kuwa, an shafe shekara goma sha ɗaya ana shari'arsu, daga 2007 zuwa 2018, aka yanke wa kowannensu shekara goma sha huɗu, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage wa Dariye zuwa goma, Nyame zuwa goma sha biyu, Kotun Ƙoli ta tabbatar, sai ga afuwar Shugaba Buhari a watan Afrilun 2022. Cikin kuɗin da aka kama Dariye da karkatarwa har da na magance zaizayar ƙasa da gyaran muhalli. Mutumin da kwari ya cinye masa gona a Filato, wa ya yi shawara da shi kafin a yafe?

Na san abin da masana shari'a za su fara cewa: alƙali ba ya wuce abin da doka ta rubuta. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta. An gurfanar da Yusuf ne a ƙarƙashin sashe na 309 na kundin Final Kod, wanda iyakar hukuncinsa shekara biyu ce, ko tara, ko duka biyun. Kundin nan ya fara aiki ne a 1960, an kwaikwayo shi daga na Sudan, tun ana kashe fam da sule, lokacin da mai tsara doka ke hango akawun da zai ci kuɗin haraji na gunduma guda. Amma wannan uzuri bai wanke kowa ba, ya dai ƙara yawan masu hannu a ciki. Mai gabatar da ƙara shi ya zaɓi sashe mafi sauƙi alhali akwai masu nauyi. 'Yan majalisa su suka bar dokar ta tsufa. Shi ma alƙalin, dokar ta ba shi ikon ɗauri, ta ba shi ikon haɗa ɗauri da tara, kuma ba ta ɗaure masa hannu a kan naira 250,000 ba. Hujjata ita ce hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara: da wannan sashe ɗin dai, ba tare da an canza ko harafi ɗaya ba, ta fitar da shekara shida da biliyoyin naira. Mutanenmu kan ce shari'a saɓanin hankali, su haƙura. Ina ganin mun yi wa wannan magana riƙon da ya wuce kima. Akwai inda ƙa'idar hujja kan saɓa wa abin da zuciya ke so, wannan kowa ya yarda. Amma idan mutum ya amsa laifinsa da bakinsa, sannan hukuncin ya saɓa wa hankalin kowane mai hankali, to matsalar tana wurin masu riƙe da shari'ar.

Uzuri na biyu ya fi na farko ƙarfi, kuma ba zan raina shi ba. Ana cewa yarjejeniyar amsa laifi tana dawo da dukiya cikin sauri, tana rage wa kotu cunkoso, tana kauce wa haɗarin a yi shekara goma ana shari'a a ƙarshe a sallami wanda ake tuhuma saboda shaidu sun mutu ko takardu sun ɓace. A shari'ar Ibru an karɓe kadarorin da aka ƙiyasta a kan kusan naira biliyan 190, abin da da wuya a samu ta doguwar hanya. Na yarda yarjejeniya tana da amfani, kuma ba na kiran a soke ta. Tambayata ita ce wa ke zama a teburin cinikin. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, a sashe na 270, ta ambaci wanda aka cuta da sunansa: ta ce a nemi yardarsa ko ta wakilinsa, a ba shi damar faɗin ra'ayinsa kan abin da aka ƙulla, har da batun biyansa diyya. Sashe na 319 ya ba kotu ikon umartar mai laifi ya biya wanda ya cutar. Jihohi ma sun yi nasu dokokin a kan wannan tsari. To, ku tambayi duk wanda ya taɓa kai ƙarar sata ko rauni ko zamba, mutum nawa aka gaya wa cewa yana da wannan haƙƙi? Abin da aka saba gani shi ne mutum ya yi ta zarya, yau an ɗage saboda ba a kawo wanda ake tuhuma ba, gobe alƙali ya tafi taro, jibi fayil yana wurin Ma'aikatar Shari'a ana jiran shawara, har kuɗin mota ya ƙare masa ya daina zuwa. Wata rana sai ya yi kiciɓis da wanda ya cuce shi a kasuwa. A nan ne zai san an gama shari'arsa. Tarar da aka ci kuma ta shiga asusun gwamnati, shi ko kuɗin asibitinsa bai dawo ba.

Uzuri na uku shi ne gidajen yari sun cika, don haka dole a rage tura mutane. Sun cika, babu musu. Amma da su wa suka cika? Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Nijeriya masu jiran shari'a ne, ba a yanke musu komai ba. A ƙarshen 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 waɗanda abin da ya riƙe su kawai shi ne sun kasa biyan tara ko diyyar da ba ta wuce naira miliyan ɗaya ba, aka tara naira miliyan 585 daga masu taimako aka biya musu. Ku ajiye wannan kusa da naira 750,000 na shari'ar fansho. Kalma ɗaya ce a takardar hukunci, zaɓin biyan tara, amma ga mai hali ƙofar fita ce, ga talaka kuma ƙofar shiga. Saboda haka kada wani ya fahimci wannan lacca a matsayin kiran a ƙara tsanani ga kowa. Wanda ya saci wayar hannu ko akuya bai taɓa ƙorafin an yi masa sassauci ba. Cunkoson gidan yari ana magance shi ne da gaggauta shari'ar masu jira, da sa masu ƙananan laifuka aikin gayya ga al'umma, kamar yadda dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanada. Sakin mutum goma da suka wawure biliyoyi ba zai buɗe ko ɗaki ɗaya a gidan yarin Kurmawa ba.

Yanzu na zo kan uzurin da ya fi shiga zukatanmu a nan Arewa, wato na addini. Ana cewa Allah mai gafara ne, yana son masu yafiya, wanda ya tuba kuma a karɓe shi. Duk wannan gaskiya ne, malamanmu da ke zaune a nan sun fi ni sani. Sai dai Musulunci ya fayyace wanda yafiyar ke hannunsa. A shari'ar kisa, Alƙur'ani a cikin Suratul Baƙara ya ɗora zaɓin ƙisasi ko diyya ko afuwa a hannun masu jini, magadan mamaci. Sarki ba shi da ikon yafe jinin ɗan wani. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ko da magada sun yafe wa mai kisan ganganci, hukuma za ta yi masa bulala ɗari ta tsare shi shekara guda, domin al'umma ma tana da nata haƙƙin. Kisan gilla kuwa, wanda ake yaudarar mutum a kashe shi don abin hannunsa, babu afuwa a cikinsa ko daga magada. Ɗan fashin da ya zo ya tuba kafin a ci ƙarfinsa, haddin fashi ya faɗi daga kansa, amma jinin mutane da dukiyarsu suna nan a wuyansa, masu su na da damar nema. Wannan yana cikin Risala, littafin da ake karantawa a zaurukan garuruwanmu tun kaka da kakanni. Kuma kowa ya san labarin matar nan ta gidan Banu Makhzum da ta yi sata, manyan Ƙuraishawa suka tura Usama bin Zaid ya nema mata sassauci saboda darajar gidansu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi, ya kuma yi gargaɗi cewa bambanta mai daraja da mai rauni a wajen hukunci shi ya halaka al'ummomin da suka gabata. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa karɓar dukiya a madadin zartar da hukunci cikin miyagun al'adun sarakunan da ya yi wa wa'azi. Wanda ya kafa hujja da addini don a saki mai ƙarfi, ya ɗauki rabin karatun ya bar rabi.

Ku gwada wannan ma'auni da abin da ya faru a Katsina da Zamfara. An yi sulhu da 'yan bindiga a Katsina a 2016, aka sake a 2019, Zamfara ma ta yi nata a 2019. A watan Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Wanda ya jagoranci wannan ta'asa, Auwalu Daudawa, ya bayyana a Gusau a watan Fabrairun 2021, ya miƙa bindigogi, ya yi rantsuwa da Alƙur'ani, aka karɓe shi. Bai tsaya gaban alƙali ko na yini ɗaya ba. Kafin wata uku ya koma daji, a can aka kashe shi a faɗa da wasu 'yan bindigar. Ban ce kada gwamnati ta taɓa tattaunawa da masu ɗauke da makami ba. Wanda ɗansa ke hannunsu a daji ya fi kowa son a tattauna, kuma ba ni da bakin da zan zarge shi. Amma sulhun da bai tanadi komai ba ga matar da aka kashe wa miji, da manomin da ya sayar da gona da shanu ya biya kuɗin fansa, da yarinyar da aka dawo da ita da ciki, ya bar su ne su ci gaba da kallon wanda ya yi musu haka yana yawo a kasuwar garinsu, wani lokaci ma da rakiya. Darasin da yaron ƙauye ke ɗauka daga nan mai sauƙi ne: mai bindiga ake kira teburin sulhu, mai haƙuri kuma a ba shi haƙuri.

Wannan darasi shi ne babbar ɓarnar, kuma ita ce amsata ga masu cewa bincike ya nuna tabbacin kamu ya fi tsananin hukunci hana laifi. Na yarda da su. Amma tabbacin kamu daga ina yake zuwa? Daga mutanen da ke kai rahoto, su tsaya su ba da shaida. Uban da aka yi wa 'yarsa fyaɗe, ya jure surutun unguwa, ya ƙi karɓar kuɗin rufin asiri da aka aiko masa ta hannun manya, ya kai ƙara, sannan ya ga an sauya tuhumar zuwa ƙaramin laifi an ci tara, alhali dokar hana cin zarafi ta 2015 ta tanadi ɗaurin rai-da-rai, mafi ƙaranci shekara goma sha biyu ga baligi, me zai gaya wa maƙwabcinsa idan irin wannan ta same shi? Zai ce masa ya rufa wa kansa asiri ya bar wa Allah. Haka sassauci ke kashe shaida, rashin shaida kuma ya kashe tabbacin kamu. Wasu kuma ba sa barin wa Allah. Duk lokacin da aka yi ihun ɓarawo a kasuwa, jama'a suka yi kansa da duwatsu da taya da fetur, za ka ji ana cewa in an kai shi wurin hukuma gobe za a sako shi. Wannan kisa haramun ne, laifi ne babba, kuma sau da yawa marar laifi yake faɗawa. Amma wanda ke son kashe wutar dole ya san abin da ke hura ta.

Gyaran ba ya buƙatar a ƙirƙiro sabon abu mai yawa. Majalisun jihohi su sake duba tsofaffin sassan Final Kod, a ɗaure tara da girman abin da aka ci, a kuma cire zaɓin tara gaba ɗaya daga laifukan jini da fyaɗe da cin amanar dukiyar jama'a. Manyan alƙalan jihohi su fitar da jagorar yanke hukunci, irin wadda kotunan Abuja suka samu a 2016, su kuma wajabta wa alƙali ya rubuta dalilinsa idan ya sauka ƙasa da ita. Kada kotu ta amince da wata yarjejeniyar amsa laifi sai ta ga shaida a rubuce cewa an nemi wanda aka cuta an ji ta bakinsa, kuma diyyarsa ta riga tarar gwamnati fita. Inda waɗanda aka cuta dubbai ne, kamar 'yan fansho, ƙungiyarsu ta tsaya a madadinsu, kuɗin da aka ƙwato kuma a bayyana inda suka shiga. Sashe na 175 da na 212 na tsarin mulki sun ba shugaban ƙasa da gwamnoni ikon afuwa bayan shawara da majalisun da aka tanada, ba su ambaci wanda aka cuta ba ko sau ɗaya. Ba sai an jira gyaran tsarin mulki ba: kowane gwamna yana iya umartar kwamitinsa na afuwa, tun daga gobe, kada ya kawo masa sunan kowa sai an ji daga iyalan da abin ya shafa, kuma a buga sunayen da dalilan kafin a sa hannu.

Ina roƙon iyayenmu malamai su riƙa bayyana wa jama'a a mumbari cewa neman haƙƙi a kotu ba rashin tawakkali ba ne, kuma matsa wa wanda aka zalunta ya yafe dole wani zaluncin ne a kan na farko. Ina roƙon masu unguwanni da dagatai su daina kashe maganar fyaɗe da jini a zaure. Lauyoyinmu matasa kuma, ku da kuka san sashe na 270 da na 319, ku ware ko yini ɗaya a wata ku raka wanda ba shi da kowa kotu, ku tashi ku nema masa diyyarsa da bakinku, domin in ba a nema ba ba a bayarwa.